Darasi na Bakwai: Lambar da ke Gindin Roba

Ɗauki gorar ruwa wadda ba komai a ciki, ka kifa ta. A gindinta za ka ga ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. Lambobin nan daga 1 zuwa 7 suke, an fara sa su a Amurka a 1988, kuma kowace tana faɗin irin robar da aka yi mazubin da ita. Wanda ya iya karanta lamba, ya iya ware shararsa.

Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da ta lemo. Lamba 2 ta jarka ce da robar sabulun ruwa mai kauri. Waɗannan biyu su masu sake sarrafa roba suka fi karɓa. Idan ka gama da su, ka ɗauraye, ka taka su su lotse, ka tara a buhu guda. Lamba 3, da kuma lamba 6 wadda ita ce ta farin soson nan da ake naɗe kaya da shi, da wuya a samu mai karɓarsu. Kada zanen ya ruɗe ka: ganinsa a jikin abu ba ya nufin lallai za a sake narka shi.

Duniya tana ƙera roba fiye da tan miliyan 400 a shekara, akasari daga ɗanyen mai da iskar gas, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku a naɗin kaya yake ƙarewa. Abin da ake sake sarrafawa daga sharar bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Leda ta fi damuna. Minti kaɗan take yi a hannu, amma ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda, sai dai ta farfashe ta shige ƙasa da ruwa. Dabba ta haɗiye ta, cikinta ya toshe, tana ci tana ramewa. A Bangaladesh leda ta cushe magudanan ruwa har ambaliya ta yi muni, shi ya sa ƙasar ta haramta siririyar leda a 2002. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017. Ƙona ta kuwa ba mafita ba ce, hayaƙin yana cutar da huhu, musamman na yara.

Don haka in za ka sayayya, ka tafi da jakar yadi ko kwando. In mai shago ya miƙo leda don abu ɗaya tak, ka ce, “Na gode, bar ta, ina da jaka.” In da hali, babban mazubi ɗaya ya fi ƙananan ƙunshi ashirin, domin ƙananan an manna roba da alminiyam wuri ɗaya, raba su kuwa aiki ne ja.

Aikin gida: nemo mazubai biyar na roba. Rubuta sunan kowane a littafinka, da lambar da ka gani a gindinsa. Wanda ba shi da lamba, ka ja masa layi, ka zo da shi aji mu duba tare.