Yadda ake haɗa allon zayyana a gida don walimar sauka ko yaye ɗalibi

Lokacin da 'yar yayana ta gama digirinta a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, gida ya ɗauki shirin walima kamar na biki. An fitar da anko, an kama mai girki, an ba wani mai buga takardu kwangilar littattafan rabo masu hotonta a bango. Sai ana gobe walima ya kawo su, ga suna ya sha bamban da nata, ga fuska ta fito kore shar. Haka aka raba su, don aikin gama ya gama. Ni kuwa da ba ni da kuɗin gudummawa mai kauri, allo na saya na zauna na yi masa zayyana cikin kwana biyar. Shi ne har yau rataye a falon uwarta.

Duk wanda ya tashi a birnin Zazzau ya san allon zayyana. Shi ake ƙawata wa ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani, a rubuta masa Fatiha da farkon Baƙara, ya riƙe ranar sauka ya biya a gaban malaminsa da iyayensa. Idan na sauka za ki yi, haka tsarinsa yake. Idan kuma na wanda ya gama boko ne, sakandare ko kwaleji ko jami'a, siffar da adon duk ɗaya ne, sai dai a tsakiya za ki sa sunansa, da makarantarsa, da shekara, da gajeriyar addu'a. Ni ba na sa aya a irin wannan na biyun, saboda ranar walima hannu da yawa ne zai taɓa shi, wani ma a kan tabarma zai ajiye.

Ki fara aƙalla saura mako guda. Yawancin makarantun sakandare a watan Yuli suke yaye ɗalibai, tsakiyar damina ke nan, kuma a Zariya idan hadari ya kafa kwana biyu, gam ba ya bushewa da wuri. Da hunturu kuwa akasin haka ne, komai na bushewa nan take, sai dai takarda ta riƙa nannaɗewa kuma ƙura ta zauna a kan ɗanyen fenti.

Mataki na farko shi ne zaɓen allo. Masu sayar da littattafan addini da tasbaha a kasuwa suna ajiye shi, kuma na itacen aduwa an san shi da ƙarko. Ki nemi mai tsawon inci 18 zuwa 20, faɗi inci 10 zuwa 12. Kafin ki biya, ki kwantar da shi a kan siminti ki danna gefe. In yana rawa, ya karkace, takarda ba za ta kwanta a kansa ba, ki bar shi. Ki duba wuyansa, wurin da mariƙi ya haɗu da jiki, don nan tsagewa ke ɓuya. In ba ki samu mai faɗin da kike so ba, kafinta zai yanka miki filawud da siffar allo, amma ki zana masa a takarda, domin in kika ce "kamar allo" kawai, abin da zai kawo miki sai ya ba ki dariya. Da kin dawo gida ki goge fuskarsa da sanfefa har ya yi sumul, ki share garin da busasshen tsumma.

Na biyu, takarda. Ba a jikin katako za ki yi zanen ba, a kan farin kwali mai kauri ne, irin wanda ɗalibai ke saya a shagunan kayan rubutu na Samaru da Sabon Gari. Ki sayi uku, domin na farko da wuya ya tsira. Ki ɗora allon a kai, ki zagaye da fensir, ki yanke, sannan ki rage kamar rabin inci a kowane gefe. Duk aikin a kan tebur ko faranti mai faɗi za ki yi shi, liƙawa sai a ƙarshe. Ta haka in kika yi kuskure takarda kawai kika rasa.

Na uku shi ne tsara gidaje, kuma nan ne ya kamata ki ɓata lokaci. Da rula da fensir mara kaifi sosai, ki ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Inda suka haɗu nan ne tsakiya, daga nan za ki auna komai. Ki fitar da gefe mai faɗin inci ɗaya da rabi ya zagaye takardar. Abin da ya rage ki raba shi uku: sama na babban ado, tsakiya na rubutu, ƙasa na ƙananan gidaje. Gidan rubutu ya fi sauran girma, kada ado ya cinye shi.

Ado kuwa ba sai kin iya zane ba, kamfas da rula sun isa. Fure mai ganye shida shi ne mafi sauƙi. Ki zana da'ira, kada ki taɓa buɗin kamfas ɗin, ki kafa tsininsa a bakin da'irar ki ja baka ya ratsa ta tsakiya, sannan ki koma inda bakan ya taɓa baki ki sake kafawa. Sau shida za ki yi ki dawo inda kika fara, furen ya fito da kansa. Tauraro mai tsini takwas kuma murabba'i biyu ne masu girma ɗaya, a ɗora ɗaya kan ɗaya a karkace. A ƙasa ni gidan biyar nake sawa, wanda masu ɗinkin hannu na cikin birni ke yi a jikin babbar riga: ki raba murabba'i gida tara, ki cika na kusurwa huɗu da na tsakiya, ki bar saura fari. Gefen kuma ki raba shi inci-inci, ki ja layi a karkace cikin kowane gida, ya zama jerin askake irin na rigar aska takwas.

In kina son ganin yadda magabata ke haɗa irin waɗannan siffofi, ki leƙa ƙofar fadar Sarkin Zazzau ki tsaya ki kalli adon bangon, ko ki lura da tsofaffin zauruka in kin ratsa ta Ƙofar Doka kika shiga birni. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa Masallacin Juma'a tun shekarun 1830 ba a rasa abin kwaikwayo a bangonsa. Dagi, adon nan mai kama da igiya a sarƙe, shi ne kawai zan ja miki kunne a kai. Yana da kyau ƙwarai a saman allo, amma igiyarsa dole ta riƙa hawa tana sauka bi da bi, bisa, ƙasa, bisa, ƙasa. In kika kuskure wuri ɗaya, duk mai ido zai gani. Ki koya a takardar banza tukuna, in ya ƙi ki kwafa da takarda mai shara-shara.

Na huɗu, tawada. Za ki iya saya a kurtu wurin masu allo, za ki iya haɗawa. Ki jiƙa ƙaro kamar cokali ɗaya cikin ruwan ɗumi kaɗan ya kwana, da safe ki tace da ƙyalle. Ki kankaro baƙin gindin tukunyar da ake girki da itace, ko ki daka gawayi ya yi laushi ki tankaɗe, ki riƙa zubawa cikin ruwan ƙaron kina damawa har ya yi baƙi ƙirin. Gwajinta ɗaya ne: ki ja layi a guntun kwalin, ki bari ya bushe, ki murza da yatsa. In ya bi yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli yana fashewa, ƙaro ya yi yawa, ki ƙara ruwa. Alƙalamin gamba ko na kara da aka fere da reza ya fi biro ba da layi mai jiki. Amma ki tuna tawadar allo don a wanke ta aka yi ta, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata aikin kwana uku. Ki nisanta kofin ruwa daga tebur, ki sa tsumma ƙarƙashin hannunki saboda gumi.

Na biyar, rubutu, kuma shi ke zuwa kafin launi. Na koyi wannan da tsada: allona na farko sai da na gama fenti tsaf sannan na rubuta shekara ba daidai ba. In na sauka ne, kada ki rubuta ayoyin da hannunki sai in kin ƙware. Ki kai takardar wurin alaramma da gidan rubutun a fitar, da layuka a ja da fensir. Da na kai wa wani dattijo a unguwarmu, bayan na durƙusa na gaishe shi na ce, "Allah gafarta Malam, allon sauka ne na kawo a sa mana albarka." Tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Hajiya, yaron da Warshu ya yi karatu ko da Hafsu?" Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ruwayoyi ne biyu na karatun Alƙur'ani: 'yan makarantar allo galibi da Warshu suke karatu, 'yan Islamiyya kuma da Hafsu, rubutun da ɗigon wasu haruffa sun bambanta, kuma yaron zai karanta ne daga allon a gaban jama'a. Ki tambayi malaminsa kafin ki tafi, kuma kada ki je hannu rabbana, a riƙa ɗan abin sadaka.

Na boko kuwa ke za ki rubuta. Suna a layin farko da manyan haruffa, makaranta da abin da ya karanta a na biyu, shekara a na uku, ta Hijira da ta Miladiyya in kina so. Ki ƙirga haruffan kowane layi, ki fara da na tsakiya ki yi dama da hagu, sai rubutun ya zauna daidai. Addu'ar kada ta wuce layi ɗaya, "Allah ya sa albarka a karatu" ta wadatar. Ni nakan sa sunan da ajami a sama, da boko a ƙasa, kuma tsofaffin gida ajamin suke fara karantawa.

Na shida, launi. Ja, rawaya, kore da baƙi su ne launukan da ido ya saba gani a allon zayyana, kuma huɗun nan sun isa. Fentin ruwa na 'yan makaranta yana yi, muddin kin dama shi da kauri kamar kunu, don mai ruwa-ruwa yana kumbura takarda. Na taɓa gwada na gida, kurkum don rawaya da zoɓo don ja. Ranar farko abin sha'awa, bayan wata biyu zoɓon ya koma toka-toka, kurkum ɗin ya koɗe. Kada ki wahalar da kanki. Ki fara da rawaya, sai ja, sai kore, kowanne ya bushe kafin na gaba ya zo kusa da shi. Ki bar farare da yawa, su ke sa sauran su fito. A ƙarshe ki bi duk layukan da baƙar tawada, ita za ta rufe inda hannu ya ɗan zarce. Fensir sai washegari za ki goge shi, a hankali.

Na bakwai, liƙawa. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ya fi. A jikin allon za ki shafa, ba a takarda ba, siriri, ki baza da guntun kwali har ya kai gefe. Ki ɗora takardar daga sama, ki shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a kai, ki riƙa shafawa daga tsakiya zuwa waje don iska ta fita. Sai ki kife shi a kan tebur, ki danne da littattafai masu nauyi ya kwana. Da damina ki ba shi kwana biyu.

Na takwas, rufi. Ki samo farar leda mai kauri da ake ganin abu ta cikinta, irin wadda ake shimfiɗa wa tebur, ki ja ta ta yi tsam a fuskar allon, ki naɗe ta baya ki kama da ƙananan ƙusoshi. Daga nan sai fata. Ki kai wa baduku ya naɗe gefen da mariƙin da jar fatar akuya, ya sa tuntaye biyu da igiyar ratayewa. Ki gaya masa kada zarensa ko gam ɗinsa ya shiga cikin zanen, ki nuna masa iyakar da yatsa. In kuɗi bai kai ba, ƙyallen shadda ko ribon mai faɗi ya wadatar, a naɗe a liƙe. Bayan allon ma kada a bar shi tsirara, a rufe da ƙyalle ɗaya, nan ne masu gida za su rubuta ranar walimar.

Ragowar kayan ba sa zubewa. Guntayen kwalin da kika yanke, ki yi musu ƙaramin fure mai ganye shida da sunan mai walima, ki huda, ki ɗaura a bakin ƙullin dabino da alawa na rabo. Ƙyallayen atamfar ankon da suka rage wurin tela, ki ce ya tara miki, a yanka su kusurwa uku a jera a igiya a zagaye rumfa. Wannan aikin yara ne, ki ba su almakashi mara tsini su yi da yamma.

Ranar walima ki naɗe allon cikin zane, ki sa a babbar leda in da hadari, kada a ɗaura shi a bayan babur fuskarsa a waje. Da 'yar yayan nawa ta buɗe nata sai ta ce, "Goggo, ke kika yi wannan da hannunki?" Ta juya shi ta ga gam ya ɗan tsatso ta gefe ɗaya, sannan ta yarda. In an zo ratayewa, a zaɓi bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, kuma ba wanda ke jiƙewa da damina ba, a sa ƙusa biyu don kada ya karkace.