Yadda ake rage hasken hailait idan bilic ya yi wa gashi yawa

Yawancin matan da ke komawa shagon gyaran gashi a Katsina da ɗankwali ɗaure tamau bayan an yi musu hailait, wato haskaka ziri-zirin gashi da bilic, maganin cire launi, ba bilic ɗin ne ya ƙarasa ɓata musu kai ba. Gyaran gaggawar da suka yi washegari ne. Mace ta so zirin ya fito ruwan zuma, ya fito kamar ɓawon lemo, ga biki saura kwana uku, sai ta aiki yaro babbar kasuwa ya sayo baƙin rini ta shafe kan duka. Bayan wanki biyu ko uku baƙin ya zube daga wuraren da bilic ya ci, ya bar wata kala mai kore-kore, sauran gashin kuma ya yi baƙi ƙirin.

Don haka da farko ki bar gashin ya huta kwana biyu zuwa uku. Sannan ki jiƙa zare kaɗan daga cikin wanda aka yi wa bilic ki ja shi a hankali. In ya miƙe kamar cingam bai koma ba, ko ya tsinke, ki manta da maganar rini tukuna, abin da yake so kandishina mai furotin ne na mako biyu ko uku. In ya miƙe kaɗan ya koma, sai ki fito tsakar gida da rana ki duba kalar. Kada ki yanke hukunci a ƙarƙashin ƙwan lantarki, yaudara yake yi.

Masu rini suna auna duhun gashi daga lamba 1 (baƙi ƙirin) zuwa 10 (mafi haske). Namu yawanci 1 ne ko 2. Bilic yana cire launi daki-daki, daga ja zuwa ruwan lemo zuwa ruwan ɗorawa. Inda naki ya tsaya shi ne zai gaya miki maganinsa. Shunayya ke kashe ruwan ɗorawa, shuɗi ke kashe ruwan lemo. Shi ya sa shamfu mai launin shunayya da ake ta tallarsa a intanet ba ya yi wa gashi mai ruwan lemo komai, asarar kuɗi ce kawai. Haka ma tona, wato rinin gyara kala bayan bilic, irin su Wella T18, an yi su ne don gashin da ya kai lamba 9 ko 10. Gashin da ya tsaya a 6 ko 7 bai san da zamansu ba.

In kalar ce kawai ta cika ƙyalli amma hasken ya yi miki, aikin da sauƙi. Ruwan ɗorawa, shamfu mai shunayya minti 3 zuwa 5, sau ɗaya ko biyu a mako. Ruwan lemo, shamfu mai shuɗi, ko rini mai ruwan toka daidai da lambar da gashin yake.

In kuwa hasken ne ya yi yawa, kina so zirin ya dushe ya kusanci sauran gashin, to a nan ake faɗuwa. Gashin da aka yi wa bilic an kwashe masa jan launin da ke ƙarƙashinsa, kuma wannan jan shi ne ke riƙe ruwan ƙasa ya fito kamar na halitta. Ki ɗora ruwan ƙasa mai toka kai tsaye a kan ruwan ɗorawa, shuɗin da ke cikin rinin ya haɗu da ɗorawar, sai kore. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da za ki sauka fiye da lamba biyu, misali daga 9 zuwa 5, sai kin mayar da jan tukuna. Ki duba lambar da ke jikin bututun rinin: wadda ke gaban ɗigo ita ce duhu, wadda ke bayansa ita ce launi. A tsarin kamfanoni da yawa .1 toka ce, .3 ruwan zinari, .4 ruwan tagulla. Mai son ƙarewa a 5 sai ta fara da 6.4 ko 7.4, ta shafa a zirin kaɗai, ta bar shi minti 10 zuwa 15, ta ɗauraye ba tare da shamfu ba, ta busar. Zai fito ja mai tayar da hankali. Haka ake so. A kan wannan ne za ki ɗora kalar da kike nufi, kuma ki zaɓi wadda ta fi abin da kike so haske da lamba ɗaya, domin gashin da bilic ya buɗe yana shan rini kamar soso, kullum yana fitowa da duhu fiye da hoton kwali.

Dibelofa, ruwan da ake kwaɓa rini da shi, mai ƙarfin 10 kawai, wato kashi 3 cikin ɗari. Mai shago zai ce miki 20 ya fi kamawa, ko kuma shi kaɗai gare shi. Ki wuce shago na gaba. Mai 20 yana ɗaga launin gashin da ba a taɓa ba, sai ki gyara ziri ki wayi gari tsakanin zirin ya yi ja. Haɗin kuwa ki bi abin da aka rubuta a kwali, wani ɗaya da ɗaya ne, wani ɗaya da biyu. Giram 30 na rini ya isa ziri a gashi matsakaici. A roba ake kwaɓawa, ban da kwanon ƙarfe, kuma ki sa safar hannu. Kafin ranar, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48, sannan ki gwada a ziri ɗaya na ƙeya.

Wajen shafawa ki ware zirin da wutsiyar kum, ki shimfiɗa kowanne a kan takardar alminiyam irin ta gasa kifi, ta fi ta shagon kayan kwalliya araha kuma aiki ɗaya suke yi. Ki fara daga sama zuwa tsakiya, ki bar bakin gashin sai minti biyar na ƙarshe, shi ya fi lalacewa, shi ke fara yin duhu. Duk bayan minti biyar ki buɗe ɗaya ki goge da tsumma mai ɗanshi ki gani, ki tuna jiƙaƙƙen gashi ya fi busasshe duhu. Ni a ganina ma kada a rufe zirin duka, a rina biyu a tsallake ɗaya, kuɗin da kika biya na hailait bai tafi a banza ba.

Lalle kuwa kada ma ki fara. A kan gashin bilic ruwan lemo mai ƙarfi yake bayarwa, kuma ba ya fita sai almakashi. Dayis ɗin da ake zanen ƙunshi da shi ya fi muni, yawancinsa na ɗauke da sinadarin PPD mai yawa, mai iya kumbura fatar kai. Rilaksa kuma aƙalla mako biyu tsakaninsa da rini, kuma a sabon tohon kaɗai, kada ya taɓa inda bilic ya ci.

Ki ɗauraye da ruwa mai ɗan sanyi, ki bi da kandishina, ki bar shamfu sai bayan kwana biyu. Irin wannan rinin yana dushewa cikin mako huɗu zuwa shida, sai a sabunta kala ta biyun kaɗai. In lokacin hunturu ne ki riƙa shafa man kaɗanya a bakin gashin bayan kowane wanki, kitso kuma a yi shi sako-sako.