Kurakuran da muke yi in muna binciken shekarun kaka mai tsawon rai

Kusan kowane gida akwai labarin wani kaka ko kaka da ake cewa ta yi shekara 130 a duniya, mu ma a gidanmu akwai, kakar babanmu ce Allah Ya jiƙanta. Da na zauna na bi abin a tsanake sai na ga bai kai haka ba, amma fa ta haura 100, wanda shi ma ba ƙaramar baiwa ba ce.

Inda aka fi zamewa shi ne tambayar kanta. Ka je gaban tsohuwa ka ce "Kakarmu shekararta nawa ta rasu?" ai lamba kawai za ta yanko maka, don mutanenmu na da ba sa riƙe lamba, abin da ya faru suke riƙewa. Ka tambaya tana ina lokacin zuwan Nasara Kano a 1903, an haife ta ko ba a haife ta ba? Yunwar Kakalaba ta 1914 tana goye ne, ko ta fara talla, ko tana ɗakin miji? Annobar murar nan, Marisuwa, ta 1918 fa? Zamanin wane sarkin Kano aka yi aurenta, Abbas da ya rasu 1919, ko Usman, ko Abdullahi Bayero da ya hau 1926? In aka ce maka an yi mata aure farkon sarautar Bayero, kuma ka san a lokacin 'yan mata ba sa wuce 13 zuwa 15 a gida, to ka samu shekarar haihuwa da ba za ta yi nisa da gaskiya ba, sai ka nemi wani tsohon daban ya gaskata maka.

Sai yarda da takarda ido rufe. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu da tsohon fasfon Hajji yawanci ƙiyasi ne, shi ya sa za ka ga 1 ga Janairu ko ina, 'yan uwanmu na Nijar ma katinsu "an haife shi wajajen shekara kaza" ake rubutawa da Faransanci.

Wani kuma shi ne Hijira da Miladiyya. In malamin gida ya rubuta haihuwa da ajami a bangon littafi, da Hijira ya rubuta, ita kuma shekararta ta gaza da kwana 11, wato 100 ta Hijira kamar 97 ce ta Miladiyya. Ka mayar da shekarar haihuwa da ta rasuwa lissafi ɗaya kafin ka cire.

Wanda ya fi cin mutane kuwa suna ne. Ana mayar wa jika sunan kaka, sai ka tsinci rasit ɗin haraji da sunan Muhammadu, ka tsinci wata takardar gado da Muhammadu bayan shekara 60, ka haɗe mutum biyu su zama tsoho ɗaya. Duba sunan uba da unguwa da sana'a da laƙabi. Ka tuna wadda aka tabbatar ta fi kowa daɗewa da takarda, Jeanne Calment ta Faransa, 122 ta yi, duk lissafin da ya wuce haka sake shi.

Kuma kar ka tafi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ko cibiyar tarihi ta Arewa House ko Gidan Ɗan Hausa na Kano da tunanin takardar haihuwa za ka samo, abin da za ka fi samu bayanan gunduma da haraji da jerin hakimai ne, su za su ba ka shekarun da za ka jingina labarin gida. Takardun gida kuma don Allah kar a manna musu leda da zafi, tawadar malamai ba ta jurewa, a ɗauke su hoto da waya a mayar cikin gafaka.