Yadda Ake Ziyartar Garkar Gida a Damagaram

Garkar da aka yi a cikin gida ɗaki ce daga cikin ɗakunan gidan, sai dai rufinta ganye ne, don haka mai son ganin ta dole ya nemi izini kamar wanda zai shiga turakar maigida. A sanar da shi tun ana gobe, kuma a zaɓi bayan la'asar, musamman a watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyi yake sa salati da tumatir su yi kyau.

Idan an isa, a tsaya a zaure a yi sallama, a jira har maigida ya aika yaro ya shaida wa matan gida cewa za a shigo da baƙo. A tsofaffin gidajen unguwannin Birni da Zango, inda hanya daga zaure takan karkace domin kada idon na waje ya faɗa tsakar gida, wannan jiran ba ya ƙetaruwa ga namiji.

Bayan an shiga, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ruwa, ba furanni ba. Ruwan saman da Zinder, wato Damagaram, take samu a shekara kimanin milimita 400 ne, daga Yuni zuwa Satumba, ga garin kuma a kan duwatsu, shi ya sa kowace shuka a nan tana da hanyar shan ruwanta. A bi ɗan makwararin da ya taso daga wurin alwala, za a ga ya ƙare a gindin lemun tsami ko gwaba, shi kuwa ruwan wanki mai sabulu akan karkata shi wajen bedi, wanda ba ya zaɓen abin sha. A lura kuma da inda aka girke randa da inda aka shimfiɗa tabarmar shayi, domin inuwar da ake zama a ƙarƙashinta ita ce zuciyar garkar. A ganina, gidan da ya ajiye zogale da lalle kusa da madafa, inda hannun uwargida zai kai ba tare da ta sa takalmi ba, ya fi wanda ya cika fili da furannin ado.

Tambaya tana buɗe bakin dattijo. Idan aka ce, "Baba, wannan dabinon wa ya shuka shi?" sau da yawa tarihin gidan ne zai biyo baya.

Kada a tsinki komai, kada a taka kuyya, kuma kada a ɗaga waya don hoto sai an yarda, tunda garkar tana haɗe da wurin girki da shanya. Mai son iri ya roƙa a lokacin tafiya, idan kuma aka ƙullo masa lemo ko ganyen zogale, ya karɓa da hannu biyu ya ce a gaida mutanen gida.