Shawara Ga Mai Jin Kaɗaici

’Yan’uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

A ƙauyukanmu na Sumaila da Tudun Wada, da zarar an kai amfanin gona rumbu, matasa sun tafi cin rani, gidaje da yawa sukan koma daga tsofaffi sai gwauraye, kuma a lokacin ne mutum yake fara tunanin babu wanda ya damu da shi. Shawarata ita ce kada ku jira Lahadi. Ku zaɓi maƙwabci ɗaya, ku riƙa zama tare bayan tuwon dare kuna karanta aya guda, kamar Ishaya 49:15, inda Allah ya ce ko uwa ta manta da jaririnta shi ba zai manta da mu ba, ko Romawa 5:8, wadda ta nuna Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi.

Idan Baba ko Iya ba su iya karatu ba, a naɗa musu ayar a waya da muryar jikansu, domin a ganina muryar da suka sani ta fi shiga zuciya. Daga nan kowa ya ambaci sunan ɗan’uwansa cikin addu’a. Shugabannin Zumuntar Mata, don Allah ku rubuta gidajen da ba a ziyarta ba.