Kafin ku biya kuɗin lesin, ku gwada wannan

Iyaye, in yaro ya dawo daga makaranta, ku daina tambayarsa "ka gane?" Eh zai ce.

Ku sa ya rufe littafi, ya koya muku abin da aka yi yau da bakinsa, da Hausa. Minti 10 ya isa. Bayan kwana biyu ku sake tambayarsa darasin nan, sai kuma ranar Asabar.

Abin da ke cikin manhaja daban, abin da ya zauna a kan yaro daban. Malami na iya kammala silabas, littafin rubutu ya cika maƙil, alhali kwafa kawai aka yi daga allo. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko. Ƙoƙarin tuno abu ba tare da duba takarda ba shi ke kafa shi. Haka masu haddar Alƙur'ani ke riƙe nasu da tilawa. Kuma wanda ya iya faɗi da Hausa, alama ce ya fahimta, ba haddace Turancin kawai ya yi ba.

Amma ku duba littafin bayan ya gama, don kuskure ma yana zama.

Lissafi ba ya yiwuwa da baki, sai ya ɗauki biro.

In kuwa tun a aji bai gane ba, babu abin da zai tuno. Nan kam malami yake buƙata. Masu shirin WAEC ko NECO kuma, su ƙarasa da rubuta amsar da Turanci.