Yadda Ake Ƙera Kwafin Muƙamuƙin Dainoso Mai Bakin Agwagwa

Malamin kimiyya a Birnin Kebbi ko Argungu da ke son ɗalibansa su taɓa abin da yake koya musu zai iya haɗa wannan aiki da kayan da ke kasuwar garinsu. Manyan gidajen tarihi ma kwafi suke yawan kafawa, domin ƙashin da ya zama dutse yana da nauyi, ga saurin karyewa. A 1868 da aka kafa ƙwarangwal ɗin Hadrosaurus, wani dainoso mai bakin agwagwa (dainoso dabbobi ne na zamanin da can da suka ƙare), a Filadelfiya ta Amurka, ƙwarangwal ɗin dainoso na farko da aka kafa a duniya, ba a samu ƙoƙon kansa ba, ƙera shi aka yi.

Kafin ka taɓa yumɓu, nemi hoton muƙamuƙin ƙasa na Edmontosaurus, shi ma dainoso mai bakin agwagwa, hoton da aka ɗauka ta gefe. Tsawon kan wannan dabba ya haura mita 1, don haka ka rage, ka zana muƙamuƙin a kan katako da tsawon santimita 30. Tanadi yumɓu daga wurin masu ginin tukwane, da garin POP ɗin da ake yin silin da shi, da man kaɗe, da waya, da tsohon kwano.

Gina siffar a kan zanen. Gaban ya yi faɗi kuma ka bar shi babu haƙori ko ɗaya, domin baki ne mai tauri da dabbar ke tsinko ganye da shi. Bayan ɗan fili sai haƙora, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokacinka. Haƙoran ɗaruruwa ne, a jere a matse kamar ƙwayoyin masara a jikin totuwa, layi bisa layi. Na sama yana cinyewa wajen niƙa, na ƙasa yana turowa ya maye gurbinsa. Da bakin wuƙa za ka zana su a gefen ciki, kowanne da tsini sama da ƙasa, da ɗan tudu a tsakiya. A ganina kwafin da bai nuna wannan ba bai koya wa yaro komai ba. Bar yumɓun ya bushe a inuwa, rana tana tsaga yumɓu.

In ya bushe, shimfiɗa ɗanyen yumɓu mai kauri, shafa wa siffar man kaɗe, ka danna ta ciki har rabi, ka zare a hankali. Gurbin da ta bari shi ne mazubinka.

Kwano 1 na ruwa, kwano 2 na gari. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan gari. Dama shi ya yi kaurin kunu, zuba rabi, kwantar da waya, sannan ka cike. Bubbuga katakon iska ta fita. Cikin minti 30 zai daskare, kuma yana ɗaukar zafi sosai, saboda haka kada yaro ya tsoma hannu ya bar shi a ciki. Washegari ka ɓamɓare yumɓun, ka goge, ka shafa ruwan shayi mai kauri ya yi kalar tsohon ƙashi.

A takardar da za ka manna, rubuta cewa kwafi ne, da sunan dabbar, da cewa ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Ƙara wa ɗalibai da labarin maƙwabta: a Gadufawa ta Nijar aka haƙo Ouranosaurus, ɗan uwan waɗannan dabbobi mai faffaɗan baki, Philippe Taquet ya raɗa masa suna a 1976, kuma ƙwarangwal ɗinsa na gidan tarihin Yamai.

Ajiye kwafin a kwali, nesa da danshin damina, domin POP yana shan ruwa ya ruɓe.